Kogin Kaduna: muna bakinsa, amma yaushe rabonmu da shi?

Ɗan Kabala:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Wata shawara ce ta daɗe tana ci mini rai, yau dai bari in faɗe ta, in ya so ku yi mini ca. Garin nan namu kogi ne ya ratsa shi tun daga wajen Rafin Guza, ya bi bayan Malali da Unguwar Rimi, ya zo Kabala, ya shige ƙarƙashin gadar Sitadiyam, ya fita ta Nasarawa da Kudenda. Ruwan famfon da muke sha, ranar da aka yi sa'a ya zo, a Malali ake jan shi daga cikinsa. Amma a nan zauren mutum nawa ne suka taɓa sauka bakinsa da ƙafarsu suka zauna? Yawancinmu ta tagar mota muke hango shi in cunkoso ya tsayar da mu a kan gada. Gidajen da ke gaɓarsa ma duk baya suka ba shi, ƙofa tana kallon titi, kwata da bola suna kallon ruwa.

Abin da nake so mu yi shi ne, mu ware Asabar ɗaya cikin watan Janairu, lokacin da ruwa ya ja baya duwatsu suka fito. Mu haɗu a Ƙofar Gamji, lambun shaƙatawan nan na bakin kogi, da sassafe, mu taka a ƙasa mu bi gaɓa, a nuna wa yara gadar Lugga (Lugard, gwamnan Turawan mulkin mallaka), masunta su nuna mana yadda ake jefa birgi, mai so ya hau kwale-kwale, kowa kuma ya riƙo buhu mu tsince ledar da muka tarar. Ba gwamnati, ba babban baƙo, ba jawabi. Me kuka gani?

Na Kawo:
Wa alaikumussalam. Ɗan Kabala, jama'a na neman na masara kai kana zancen shan iska a bakin kogi. Wannan harkar waɗanda suka ƙoshi ce. A gyara mana famfon tukuna.

Ɗan Kabala:
Yaya, ai don ba a ƙoshi ba na kawo shawarar. Da Sallah nawa kake kashewa ka kai yara wurin lilo su yi layi cikin rana? Bakin kogi ƙafa kawai yake nema.

Maman Nabila:
Ni dai ku yi haƙuri, ba da 'ya'yana ba. A Unguwar Rimi nake, kuma na ga ranar da aka ciro yaron maƙwabtanmu, ɗan makarantar allo, ya tafi wanki da abokansa bai dawo ba. Uwarsa har yau ba ta bin hanyar. Ni tun suna ƙanana nake ce musu akwai dodo a ciki, kuma ban yi nadama ba. Yanzu a ce in ɗauke su da hannuna in nuna musu hanyar wurin? Gobe in na tafi aiki su tafi su kaɗai fa?

Jikan Sarkawa:
Allah ya jiƙan yaron, ya ba iyayensa haƙuri. Hajiya, tsoronki gaskiya ne, kuma ba wanda ya san kogin nan da zai raina shi. Amma bari in faɗa miki abin da muke gani mu da ake turowa a kira in abu ya faru. Kakana daga Yawuri ya zo, mahaifina har gobe yana su, ni ma na tashi da filafili a hannu kafin boko ya ɗauke ni. Yaran da ruwa ke ci kusan duk waɗanda aka hana ne, suka zo a sace, ba babba a tare da su, ba wanda ya taɓa nuna musu inda ake taka ƙafa. Dodo yana aiki har yaro ya kai shekara goma. Daga nan abokai sun fi dodo ƙarfi.

Kogin Kaduna halinsa biyu ne. Daga Agusta zuwa ƙarshen Satumba ruwan ja ne, ya cika ya batse, yana tafe da itatuwa da mushen dabbobi, mu kanmu ba ko'ina muke sa jirgi ba. Da hunturu kuma sai ya kwanta, ya yi haske, duwatsu su fito kamar ka tsallaka da ƙafa. To a nan ne mutane ke ruɗuwa. Tsakanin dutse da dutse ruwan matsewa yake yi ya ƙara gudu, ga gansakuka mai santsi. Mafi muni kuma ramukan masu ɗiban yashi. Za ka tafi ruwa iya gwiwa, taku ɗaya sai ka ji ba ƙasa. Ramin da babu shi bara, bana yana nan. In ka ga saman ruwa ya yi lumui ya yi duhu alhali kewayensa na ɓalɓal, zurfi ne. In ka ga kara ko leda tana juyawa wuri ɗaya ba ta wucewa, kada ka kusanci wurin ko da ka iya iyo. Wannan yaro ɗan shekara bakwai zai iya koyon sa cikin safiya ɗaya in an nuna masa da yatsa.

Maman Nabila:
Hmm. Na ji. Amma ban ce na yarda ba.

Na Kawo:
To kadojin fa? Ko su ma za a nuna musu da yatsa?

Jikan Sarkawa:
Yaya, kada ba ya son hayaniya. Tsakanin Kabala da Sitadiyam, ga masu wanki, ga masu wankin babur, ga tifofin yashi, ina zai kwanta ya sha hantsi? Waɗanda yawancin 'yan garin nan suka taɓa gani da idonsu su ne na cikin kududdufin da aka killace a lambun Gamji. Kwalbar da aka fasa a cikin yashi ta fi kada yi mana ɓarna.

Auta Tudun Wada:
Ni abin da nake tsoro shi ne a saki dam muna tsakiyar ruwa. Duk shekara haka ake cewa, an buɗe Shiroro ko na Kamaru, sai ruwa ya shigo mana gida.

Injiniya:
Auta, ƙanena, wannan maganar ta yaɗu sosai amma ba haka take ba. Ruwa ba ya hawa tudu. Kogin Kaduna daga tsaunukan Jos yake tasowa, wajen Vom, ya yi tafiyar kusan kilomita 550 kafin ya faɗa Neja a ƙasar Nufe, daura da Pategi. Sai ya wuce garinmu tukuna yake isa Shiroro, wanda aka ƙaddamar a 1990 mai megawat 600, sannan ya gangara sabon dam ɗin Zungeru mai megawat 700. In an buɗe su, mutanen Wushishi da Lavun da Mokwa ne ke shan wahala, ba mu ba. Lagdo na Kamaru kuwa a kan Binuwai yake, ba abin da ya haɗa shi da mu ko kaɗan. Dam ɗin da ke samanmu shi ne Kangimi, kuma an yi shi ne don ya tallafa wa kogin da ruwa lokacin rani saboda matatar ruwan gari.

Ambaliyarmu ruwan sama ne na Filato da kudancin jiha ke taruwa ya sauko, ya tarar mun gine masa fadama. A Satumbar 2003 ya nuna mana iyakar filinsa, duk wanda ke garin a lokacin ya tuna Kigo Road da Nasarawa da Kabala. Bayan ruwan ya janye aka koma aka ci gaba da gini a daidai inda ya kwana. A Janairu dai ba wannan fargabar.

Auta Tudun Wada:
Ikon Allah. To mu da muke tsine wa Shiroro duk damina.

Baba na Kakuri:
Salamu alaikum yarana. Jikata ce ke rubuta mini, ni ina faɗa. Na zo Kaduna ina saurayi, na yi aikin masaƙa har ƙarfi ya ƙare. A lokacinmu ranar Lahadi in ba aiki, wanka muke yi mu sa kaya mu hau keke mu tafi Gamji. Za ka tarar da Bayarabe da iyalinsa sun shimfiɗa tabarma, Inyamuri na ɗaukar hoto, mutanen Zangon Kataf, mutanen Borno, sojoji, 'yan reluwe. Mai tsire na gefe, mai rake na gefe. Ba wanda ke tambayar ka daga wane ƙetaren ka zo.

Amma kada in yi muku daɗin baki, mu ma mun ɓata kogin. Tun da aka buɗe masaƙa ta farko a Kakuri a 1957, wasu suka biyo baya, ruwan rini ta rafin Makera yake bi ya shiga kogi. Da safe ka gan shi shuɗi, da yamma ja, ya danganta da atamfar da ake bugawa. Masu lambu a ƙasa da shi suke ban ruwan alayyafo, mu kuma mu saya mu ci. Yanzu masaƙun sun mutu, rinin ya tsaya, sai leda da kwatar gidaje suka gaje shi. Ban san wanne ya fi ba, don wancan aƙalla yana tafe da albashi.

Ɗan Kabala, in Allah ya kai mu ina da rai, a zo a ɗauke ni. Ba zan iya doguwar tafiya ba, amma a ajiye mini kujera a gindin bishiya.

Ɗan Kabala:
Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, Baba. Ni da kaina zan zo in ɗauke ka.

Anti Ladi Barnawa:
Sannunku. Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba. Maganar Baba ce ta taɓa ni. Ɗan Kabala, ina da tambaya, kuma don Allah kada a ɗauke ta da zafi. Da ka lissafa unguwanni ka ce Malali, Unguwar Rimi, Kabala. Kogin gaɓa biyu gare shi. Barnawa ma bakinsa take, haka Kamazou. Mu na wannan ƙetaren muna cikin gayyar, ko kuwa za mu tsaya mu ɗaga muku hannu daga nan?

A Tudun Wada aka haife ni. Bayan rikicin Fabrairun 2000 muka kwashe muka tsallako, mutanen can da ke zaune a nan su ma suka kwashe suka koma can, abin da ya rage kuma rikicin 2002 ya ƙarasa shi. Ina koyarwa a firamare. Akwai yara a ajina da ba su taɓa tsallaka gada ba, in ka ce musu Kawo kamar ka ce wata ƙasa. Na tabbata a can ma akwai yaran da ba su taɓa ganin Sabon Tasha ba. Kogin nan da Baba ke cewa kowa na zuwa, mu a hannunmu ya zama iyaka.

Shugaban Zaure:
Jama'a, Anti ta yi magana cikin mutunci, a amsa mata cikin mutunci. Duk wanda ya fara lissafin wa ya fara, wa ya rama, zan goge.

Ɗan Kabala:
Anti, gayyar taku ce kafin ta zama tawa. Hasali ma ga abin da ya zo mini yanzu: ku taru ta gefenku, mu taru ta Gamji, kwale-kwale ya ɗauko ku ko ya kai mu. Wanda ba ya son ruwa ya zagayo ta sabuwar gadar Kabala Costain, ai ba nisa.

Na Kawo:
A nan kam ba ni da ja. Abokina na makaranta yana Narayi, sai a waya muke gaisawa kamar wanda ke Legas. Amma mu faɗa wa juna gaskiya, yawon safiya ɗaya ba zai gyara abin da ya fi shekara ashirin da lalacewa ba.

Anti Ladi Barnawa:
Ban ce zai gyara ba, Malam. Ni dai yaran ajina su ga cewa mutane ne a can, masu cin ƙosai irin nasu. Ya ishe ni na bana.

Malamin Tarihi:
Tun da za a kai yara gadar Lugga, bari in ba da abin da za a faɗa musu, don kada a je a yi ta kame-kame. Ƙaramar gadar ƙafa ce ta ƙarfe, ba ita ce ta ratsa babban kogin ba, kada wani ya je yana neman abin mamaki. A Zungeru aka fara kafa ta a 1904, lokacin can ne hedikwatar Turawa ta Arewa, tana haɗa gidan Lugga da sauran barikin. Daga baya aka kwance ta aka kawo nan, a 1956 kuma aka sa ta cikin kayan tarihi na ƙasa. Zungeru ɗin ma a bakin wannan kogin take. A can aka haifi Nnamdi Azikiwe a shekarar da aka kafa gadar, ga shi yau babbar hanyar bayan gari da ke tsallaka kogin ta wajen Nasarawa sunansa take ɗauke da shi.

Dalilin da ya sa Turawa suka baro Zungeru, zafi da sauro sun dame su, nan kuma ga ruwa isasshe, ga layin dogo daga Legas zuwa Kano ya ratsa, ga fili da ba ya cikin birnin wani babban sarki. Sojoji suka fara tarewa wajen 1913, hedikwata ta dawo a 1917, Kaduna ta riƙe Arewa har 1967 da aka yi jihohi. Lambun kansa sunansa na hukuma na Janar Hassan Usman Katsina ne, gwamnan soja na Arewa bayan kisan Sardauna a Janairun 1966, amma bakin jama'a ya tsaya a kan Gamji. Wato ba don kogin ba, da babu garin.

Ɗan Gbagyi:
Malam, na gode da tarihi, amma kullum haka ake yi mana. A fara daga Lugga kamar shi ya haƙa kogin. Kafin Bature ya san akwai wurin, kakannina na noman doya da dawa a gaɓar nan, suna su, matanmu na ɗebo yumɓu suna gina tukwane, suna ɗauko itace a kafaɗa. Gari ya zo ya haɗiye ƙauyukan, gonakin suka zama fulotai, mu aka tura mu gaba. Yanzu za a kwashi yara a kai su su kalli ƙarfen Bature, a ce musu wannan ne gadonsu. Ni ban hana a gani ba, amma in za a yi maganar gado a fara daga farko.

Malamin Tarihi:
Maganarka dutse, ɗan'uwa. Matsalar ita ce ƙarfe yana tsayawa a nuna shi, abin da ke bakin tsofaffi kuwa sai an je an zauna da su. Takardun da ke Gidan Arewa da ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da ke nan Kaduna yawanci Turawa ne suka rubuta, abin da ya dame su suka rubuta. Kana da dattijon da zai yarda ya zo?

Ɗan Gbagyi:
Akwai ƙanwar kakata. Ba ta jin Turanci, Hausarta ma sama-sama, amma ta san sunan kowane dutse da kowane mashigi ta gefenmu da yarenmu, ta san inda ake tsallakawa da ƙafa kafin a yi gadoji. Zan yi mata tafinta. Sai dai a sani, ba za ta yi magana a tsaye cikin rana ba, kuma ba ta son a sa mata waya a fuska.

Baba na Kakuri:
A ajiye mata kujera kusa da tawa.

Auta Tudun Wada:
Ni gadar Luggan ma da za a bi tawa a sayar wa 'yan gwangwan. Mutumin da ya ci ƙasarmu da bindiga ne za mu je muna shafa ƙarfensa?

Malamin Tarihi:
Auta, in ka sayar da ita, me za ka nuna wa ɗanka ranar da kake ba shi labarin abin da aka yi a Sakkwato da Burmi a 1903? Ba don son mai ita ake ajiye ta ba. Kuma ka tambayi kanka su wa suka yi dakon ƙarafan, su wa suka ɗaure su. Ba Lugga ba ne dai.

Nas Hauwa:
Ku bar ni in shigo da nawa ɓangaren kafin a yi nisa. Tafiya a gaɓa da hawa jirgi ba ni da matsala da su. Wanka ne ban yarda ba, musamman a 'yan kududdufan da ruwa ke bari tsakanin duwatsu da rani, waɗanda iyaye ke ganin su ne marasa haɗari. A irin wannan ruwan kwantacce katantanwar da ke ɗauke da tsargiya take zama. Ƙwayar ta fata take shiga, ba sai an sha ba, bayan makonni yaro ya fara fitsarin jini, wasu iyayen ma su ɗauka alamar girma ce. Tana da magani, amma gara kada a kamu. Kowa ya sa takalmi rufaffe, a zo da ruwan sha daga gida da sabulun wanke hannu. Masu tsintar shara kuma su sa safar hannu mai kauri, don ana zubar da allurai a bola. Zan zo da akwatin taimakon gaggawa.

Maman Nabila:
Yawwa, ga wadda ta yi maganar da nake son ji. Sannan banɗaki fa? Maza ba ruwanku, kowane gindin bishiya naku ne. Kuma in za a hau jirgin, mata da yara nasu daban, ba na son cakuɗa.

Ɗan Kabala:
Hajiya, wato dai kin fara shirin zuwa ke nan.

Maman Nabila:
Tambaya na yi.

Sarkin Zumuɗi:
Jama'a ku daina ƙananan tunani! Me zai hana mu yi babban biki irin na Argungu? Gasar kamun kifi, tseren jirage, makaɗa, a gayyato gwamna da 'yan jarida. Kaduna ta fi Argungu jama'a da otal-otal.

Jikan Sarkawa:
Ranka ya daɗe, da wane kifin? Abin da mutane ba su sani ba game da Argungu, ba ranar bikin ce abin kallo ba, sauran shekarar ce. Kogin Matan Fada, inda ake bikin, hana kamun kifi ake yi a cikinsa har lokacin bikin ya zo, akwai Sarkin Ruwa da maganarsa ke da ƙarfi, shi ya sa in dubban mutane suka faɗa da homa da gora ake fito da giwan ruwa da sai mutum biyu sun ɗaga. Mu nan wa zai hana wa? Akwai masu sa taru mai ƙananan ido da ke kwashe har 'ya'yan kifi, akwai ɓata-garin da ke zuba maganin ƙwari a ruwa da dare, da safe su tsince abin da ya taso su kai kasuwa. Mahaifina yana cewa da ƙuruciyarsa ragon ruwa da tsage ba abin labari ba ne a nan. Yanzu in ya duba mamari da asuba ya samu tarwaɗa da 'yan ƙurungu da karfasa, sai godiya. Mafi yawan tarwaɗar da kuke ci a wuraren gashi ma ta kiwo ce.

Tseren jirage dai ana iya yi wata rana, Nufawan Pategi sun daɗe suna yin nasu. Amma a bari mu fara rarrafe.

Malamin Tarihi:
Ƙari a kan haka, bikin Argungu yadda aka san shi yanzu ya samo asali ne a 1934, da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyara, bayan doguwar gaba tsakanin Sakkwato da Kabi. Su ma ba don 'yan yawon buɗe ido suka fara ba. UNESCO, hukumar al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, sai a 2016 ta sa shi cikin jerin al'adun gado na duniya.

Sarkin Zumuɗi:
To shi ke nan, kun kashe mini gwiwa. Amma ko mai kalangu ɗaya a bari in kawo.

Na Kawo:
Tun da abin ya fara zama gaske, ga nawa sharuɗɗan. Kada a fita wajen gari, kowa ya san halin da bayan gari ke ciki. A sanar da 'yan sanda da masu unguwannin ɓangarorin biyu tun da wuri, don taron mutane daga ƙetare biyu a bakin kogi in ba a yi bayani ba, kafin azahar an ƙaga masa wani labarin a WhatsApp. Kuma ba hular jam'iyya, ba fosta. Ɗan siyasa ɗaya ya shigo da buhun shinkafa, ni na kama hanyar gida.

Shugaban Zaure:
Wanda ya ce harkar ƙosassu ce, ga shi ya zama sakataren tsaro.

Na Kawo:
Har yanzu ina kan bakana. Sa ido zan je yi.

Jikan Sarkawa:
Na yi wa mahaifina maganar da daddare. Ya yi dariya ya ce yau 'yan birni sun tuna da ruwa. Ya yarda zai yi magana da sauran masu jirage, amma da sharaɗi, kuma ba ya sassautawa. Ba wanda zai taka jirginsa ba rigar ruwa, babba ko yaro, ko da mutum ya ce a teku aka haife shi. Adadin da ya faɗa shi ne adadi, ba a ƙara ko jariri. Ba tsayuwa a ɗauki hoto a tsakiyar ruwa. Ya ce a tuna jirgin 'yan biki da ya kife a wajen Pategi a Yunin 2023, mutum fiye da ɗari suka tafi, lodi ne ya yi yawa ga tafiyar dare. Kuma a biya masu jirgi kuɗin yininsu cikakke tun kafin a fara, don ranar ba za su yi su ba, ba za su yi fito ba.

Matsalar ita ce su ba su da rigunan. Sai mun nemo.

Injiniya:
Zan tambayi abokan aikina da ke harkar madatsun ruwa ko za a ba mu aro. In ba a samu ba mu yi karo-karo mu sayi kaɗan, a riƙa shiga rukuni-rukuni. Na yara ne zai yi wuya, kuma rigar babba a jikin yaro ba ta da amfani, zamewa take yi ta kai.

Maman Nabila:
In ba a samu na yara ba, nawa suna gaɓa tare da su Baba. Kuma ni zan riƙe hannunsu. Zan soya ƙosai, amma wani ya kawo koko.

Anti Ladi Barnawa:
Kokon na kaina, zan haɗa da kunun gyaɗa. Sai na nemi izinin iyaye a rubuce kafin in san yara nawa zan kawo. Wani abu kuma da ba a taɓo ba: sharar da za mu tsince, ina za mu kai ta? In muka tara buhuna muka bari a gaɓa, ruwan farko na damina zai mayar da su inda muka ɗebo su.

Ɗan Gbagyi:
Ƙanena na da a-kori-kura. Man kawai za a sa masa. Robobin ruwa a ware su daban, akwai masu saye a kilo.

Shugaban Zaure:
To madalla. Ɗan Kabala da Na Kawo, ku je wajen masu unguwa da 'yan sanda ta gefenku, ku tambayi masu kula da lambun Gamji kuɗin shiga da maganar banɗaki. Anti Ladi da Ɗan Gbagyi, ku riƙe na ƙetare. Injiniya, muna jiran labarin riguna zuwa Juma'a, da shi za a tsayar da rana. Mai zuwa ya rubuta sunansa a ƙasa da yawan mutanen da zai zo da su, a faɗi shekarun yara.

Auta Tudun Wada:
Ni da ƙannena biyu, 12 da 9. Akwai wanda zai biyo ta Tudun Wada da mota?